Nana Asma'u da Rigar Aro

Tun da Jean Boyd ta wallafa tarihin Nana Asma'u a 1989, kuma ita da Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucenta a 1997, aka shiga yayin kiran 'yar Shehu Usmanu da 'yar gwagwarmayar 'yancin mata. Laƙabin yana da daɗin ji, amma rigar aro ce, kuma tana rufe ainihin gwanintar matar.

A dubi tsarin 'Yan Taru da ta kafa a zamanin Sarkin Musulmi Bello. Asma'u ba ta yaƙi al'adar kulle ba. Matan aure suna zaune a ɗakunansu; masu takowa daga ƙauyuka zuwa wurinta tsofaffi ne da 'yan matan da ba su yi aure ba, a ƙarƙashin jagorar da ake kira jaji. Su haddace waƙoƙi kan tauhidi da tsarki da sallah, su koma su rera wa waɗanda ba sa fita. Ita jajin kuwa malfa ake ɗora mata a ka, irin wadda Innar Gobir, uwar bori, take sakawa. Wato Asma'u ta karɓi alamar da matan karkara suka saba girmamawa, ta juya mata ma'ana. Wannan aikin mai hangen siyasa ne, matar Waziri Giɗaɗo, wadda ta san cewa takobin jihadi ya ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808 amma bai shiga zukatan matan da aka ci da yaƙi ba. Dalilin da ya sa ta mayar da waƙoƙin Fulatanci zuwa Hausa ke nan, alhali Larabci bai gagare ta ba.

Wani zai ce wannan fahimta rage mata daraja ce, tunda dai mata ta ilmantar, ilimi kuwa 'yanci ne. Babu musu, mata sun amfana. Sai dai hujjar da ta tsaya a kai ta mahaifinta ce, wanda ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Haƙƙin da ta kare na sanin addini ne, a cikin shari'a ta samo shi. Mai auna ta da mudun ƙarni na 20 zai same ta da gazawa a inda ba ta yi alkawari ba.

Ta rasu a 1864, 'Yan Taru kuma suka ci gaba a hannun ƙanwarta Maryam.