Jigon Ƙuruciya da Cin Zali a Ƙagaggun Labaran Hausa: Waiwaye Don Masu Tsara Manhaja

Tarihin ƙagaggun labaran Hausa na boko ya faro ne daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin jagorancin Rupert East. Daga cikin littattafan da suka fito daga gasar, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, shi ne ya fi kusa da labarin girmar yaro. Malami ne dattijo yake ba almajiransa labarin yadda aka sace shi yana ƙarami, aka raba shi da mahaifiyarsa, ya tashi a hannun Abdulkarim a ƙasar Larabawa. Saboda haka tunawa da baya ita ce ginshiƙin zubin labarin. A Jiki Magayi kuwa, na John Tafida da East, yaro Kyauta ne ya ɗauki alhakin gabar da ke tsakanin manya.

Abin lura shi ne, a waɗannan littattafai manya ne suke zaluntar yaro. Babu ɗaya daga cikin littattafan gasar da ya ɗauki makarantar kwana a matsayin dandalinsa, inda babban ɗalibi yake cin zalin ƙarami, kuma aboki yake zama garkuwa. Dalili kuwa a bayyane yake: a wancan lokaci ilimin boko bai yaɗu a Arewa ba, marubutan kuma sun fi dogara ga tatsuniya da tarihin baka.

Wannan giɓi ya shafi gari irin Potiskum, inda 'ya'yan Bolewa da Ngizim da Karekare da Fulani suke haɗuwa a aji ɗaya, Hausa ce harshen wasansu da faɗansu. Bugu da ƙari, ɗaliban garin suna da abin tunawa mai nauyi: harin bam na 10 ga Nuwamba, 2014, wanda ya hallaka ɗalibai fiye da 40 a makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati.

Don haka ana ba da shawarar a koyar da Shaihu Umar tare da aikin rubutu, inda ɗalibi zai tsara labarin ƙuruciyarsa ba tare da ambaton sunan kowa ba. Haka kuma ya kamata a nemi marubuta su samar da littafin da ya dace da wannan jigo, domin a shigar da shi manhajar ƙaramar sakandare.