Buhun Yashi da Jikin Mutum: Yadda Dokar Nauyi ta Sauya Tseren Ƙananan Jiragen Ruwa

Jirgin ruwan da iska ke turawa yana da matsala guda wadda ba ta tsufa. Iskar da ke cika ƙyallensa ta ba shi gudu ita ce kuma ke danna shi gefe guda, tana neman kifar da shi. Maganin shi ne a tara nauyi a ɓangaren da iskar ke fitowa. Amma wane irin nauyi ne ya halatta a motsa a lokacin tsere? An fi ƙarni guda ana jayayya a kan wannan.

A gaɓar birnin New York na Amurka, daga wajajen 1860 zuwa 1880 da 'yan kai, amsar ita ce yashi. Jiragen da ake kira sandbagger sun samo asali daga kwale-kwalen masu kamun kawa: faffaɗa ne, ba su da zurfi. Da yake tsawon gangar jirgi kawai ake aunawa wajen rarraba 'yan tsere, babu abin da ya hana mai jirgi ɗora masa ƙyalle iya son ransa. Jirgin Annie, wanda aka ƙera a 1880 kuma yake ajiye a gidan tarihi na Mystic Seaport a jihar Connecticut, gangarsa ba ta kai ƙafa 30 ba, amma sandunan da ke riƙe ƙyallensa, daga goshi zuwa baya, sun haura ƙafa 60.

Irin wannan jirgi ba ya tsayuwa da kansa. Mutum goma ko fiye ne ke cikinsa, tare da tarin buhunan yashi, kowanne kilo 20 da ɗoriya. Duk sanda matuƙi ya juya akalar jirgi iska ta koma ɗaya gefen, wajibi ne a kwashe buhunan kaf a jera su a can kafin ƙyalle ya sake cika. Jinkiri kaɗan, jirgi ya kife da kowa. In iska ta lafa kuwa, sai a zubar da yashin a ruwa don rage nauyi. Ana zuba kuɗin caca masu yawa, kuma galibin masu wannan aikin ƙarfi 'yan ƙwadagon bakin ruwa ne da ake biya.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi ci wa manyan gari tuwo a ƙwarya. Kulob ɗin Seawanhaka, wanda aka kafa a 1871, ya tsaya kan cewa mai jirgi da abokansa su tuƙa da kansu, ba don lada ba. Ya hana motsa buhuna a tserensa, daga baya kuma ya fito da ma'aunin da ke lissafa faɗin ƙyalle tare da tsawon jirgi. Hujjar kare rayuka gaskiya ce, sai dai dokar ta kuma sallami talakawan da wasan ya dogara da ƙwanjinsu.

Da aka haramta yashi, nauyin da ya rage a motsa shi ne jikin mutum. A 1938, a Ingila, Peter Scott da John Winter suka lashe kofin Yariman Wales da wata dabara: ɗayansu ya rataya a igiyar da ta sauko daga saman sanda, ƙafafunsa a bakin jirgi, jikinsa duka a kan ruwa. Hukumar wasan ta Birtaniya ta haramta ta ba da jimawa ba. Haramcin bai ɗore ba. A gasar Olamfik ta 1960 an yi tsere da jirgin Flying Dutchman, wanda ke da wannan igiya.

Doka ta 51 a kundin tseren duniya na yau ta hana motsa ruwa ko wani mataccen nauyi don daidaita jirgi. Hatta tufafin ɗan tsere an ƙayyade musu kilo 8 a ƙa'idar gama-gari, saboda an taɓa yayin sanya riguna masu aljihun da ake cikawa da ruwa.