Sojan da ya iya ɗinke rauni amma ba shi da takarda

A lokacin yaƙin Biyetnam, cikin shekarun 1960, Amurka ta koya wa dubban matasa aikin jinya a cikin soja. Su ne ke bin dakaru filin daga da jakar magani. Yaro ɗan shekara ashirin yakan tsayar da jini, ya sa ƙarin ruwa, ya yi allurar kashe zafi, harsasai na shawagi a kansa. Amma ran da aka sallame shi ya je asibitin garinsu neman aiki, sau da yawa abin da ake ba shi bai wuce tura gadon majinyata ba.

A can kowace jiha ce ke ba da lasisin jinya, kuma takardar makarantar da ta amince da ita take dubawa. A wancan lokaci, galibi horon bariki ba ya cikin lissafi.

Likitoci biyu na cikin waɗanda suka fara ganin asarar da ake tafkawa. A 1965 Dakta Eugene Stead na Jami'ar Duke ya ɗauki tsoffin masu jinya na sojan ruwa su huɗu, uku suka kammala a 1967 a matsayin mataimakan likita. Na biyun, Dakta Richard Smith, baƙar fata ne da ya taɓa aikin likita a Najeriya a farkon shekarun 1960. Shi ya kafa shirin MEDEX a Jami'ar Washington a 1969, yana ƙara wa tsoffin sojoji horo yana tura su wurin likitocin karkara da aiki ya yi wa yawa.

Sai dai gurbin kaɗan ne. Ƙofar da ta fi kusa ita ce ta ƙaramin nas mai lasisi, wanda suke kira LPN: karatun kimanin shekara guda, sai jarrabawa, sannan aiki a ƙarƙashin babban nas ko likita. Jihar Kalifoniya ta sassauta, ta yarda sojan da ya yi wata 12 yana jinya a bakin gado ya zauna jarrabawar ba tare da komawa aji ba. Amma ba kowace jiha ke karɓar lasisin da aka samu ta wannan hanya ba.

A ganina, 'yan uwa, hukumomin nan ba mugunta ce zalla ta sa su taurin kai ba. Sojan ya saba da majiya ƙarfi da suka ji rauni. A asibitin gari kuwa tsohuwa mai ciwon suga zai tarar, da jariri, da mai jego, da jerin magunguna da ba a ɗauka a jakar daga. Shi ya sa wasu kwalejoji suka buɗe gajeren kwas na cike wannan giɓi kawai.

Yanzu rundunar sojan ƙasa ta Amurka da kanta take horar da wasu sojojinta aikin LPN, su ci jarrabawar tun suna cikin kaki, su fito da lasisinsu a hannu.