Sabunta manhajar kwamfuta da asarar bayanai

A ranar Talata ta biyu ta kowane wata, kamfanin Microsoft na Amurka kan aika da gyare-gyare zuwa ga miliyoyin kwamfutocin da ke amfani da babbar manhajarsa ta Windows, al'adar da ya faro tun shekarar 2003. Kamfanin Apple da masu kula da manhajar Linux su ma suna da irin nasu tsarin.

Manufar gyare-gyaren ita ce toshe kafofin da masu kutse ke bi, da kuma magance kurakuran da aka gano. Sai dai a wasu lokuta gyaran kan zama ɓarna, inda mutum zai wayi gari ya tarar takardunsa da hotunansa sun ɓace, ko kuma kwamfutar ta daina ganin rumbun ajiyar bayananta baki ɗaya.

Yadda lamarin ke faruwa

Rumbun ajiyar bayanai iri biyu ne. Akwai tsohon samfuri mai faifan ƙarfe da ke juyawa a ciki, akwai kuma sabon samfuri da ake kira SSD, wanda ba shi da wani sashe mai motsi, kuma ya fi sauri nesa ba kusa ba.

Kowane rumbu yana ɗauke da 'yar ƙaramar manhaja a cikinsa wadda kamfanin da ya ƙera shi ya girka. Ita ce ke karɓar umarni daga babbar manhaja kan inda za a rubuta bayani da inda za a ɗauko shi.

Idan aka sabunta babbar manhajar, salon ba da wannan umarni na iya canjawa. Rumbun da bai fahimci sabon salon ba yana iya tsayawa cak. Wani lokaci kuma rumbun lafiyarsa ƙalau, babbar manhajar ce da kanta ke share abin da bai kamata ta taɓa ba.

Bambancin yana da muhimmanci, domin magani ya danganta ne da inda cutar take.

Darasin shekarar 2018

Misalin da ya fi shahara ya auku ne a watan Oktoban 2018. A ranar 2 ga watan Microsoft ya fitar da sabon zubin Windows 10 mai lamba 1809. Cikin 'yan kwanaki mutane suka fara ƙorafin cewa abubuwan da suka adana a jakar takardu sun yi ɓatan dabo.

Kamfanin ya dakatar da rabon manhajar, kuma bai dawo da ita ba sai ranar 13 ga watan Nuwamba.

Bincikensa ya nuna cewa matsalar ta shafi waɗanda suka sauya wa jakar takardunsu mazauni, amma suka bar wasu fayiloli a tsohon wurin. Sabuwar manhajar ta ɗauka cewa babu komai a tsohuwar jakar, sai ta share ta da duk abin da ke ciki.

Microsoft ya ce lamarin ya shafi kimanin kwamfuta ɗaya ne cikin kowace 10,000 da aka girka wa wannan zubi. Amma abin da ya fi janyo wa kamfanin suka shi ne, wasu masu gwajin manhajar sun ba da rahoton matsalar tun kafin a fitar da ita, ba a kuma mayar da hankali a kai ba.

A cikin wannan shekarar dai, zubin watan Afrilu ya ƙi jituwa da wasu rumbunan SSD na kamfanin Intel samfurin 600p, abin da ya tilasta wa Microsoft hana girka shi a kan irin waɗannan kwamfutoci har sai da aka yi gyara.

Ba Windows kaɗai ba

A shekarar 2009 masu amfani da manhajar Snow Leopard ta kamfanin Apple sun gano cewa shiga kwamfutar ta ƙofar da aka ware wa baƙi na iya share dukkan bayanan mai ita. Kamfanin ya amince da matsalar, ya kuma gyara ta a watan Nuwamban shekarar.

A watan Disamban 2023 kuma, masu kula da Debian, ɗaya daga cikin manyan rassan Linux, sun dakatar da fitar da zubi na 12.3 bayan an gano wani kuskure da ke iya gurɓata bayanan da ake rubutawa a rumbu.

Takaddamar 2024 da 2025

A watan Oktoban 2024, bayan fitowar Windows 11 zubin 24H2, kwamfutocin da ke ɗauke da wasu rumbunan Western Digital, musamman SN770 da SN580, sun riƙa tsayawa suna nuna shuɗin allo. Irin waɗannan rumbuna kan ari wani yanki na ƙwaƙwalwar kwamfuta don gudanar da aikinsu, kuma sabuwar manhajar ta canja adadin da take ba su. Kamfanin da ya ƙera rumbunan ne ya fitar da gyara.

Sai kuma watan Agustan 2025, lokacin da rahotanni, waɗanda suka faro daga Japan, suka ce gyaran da ke da lamba KB5063878 yana sa rumbunan SSD ɓacewa idan ana rubuta musu manyan fayiloli, musamman idan sun riga sun cika fiye da rabi.

An fi ɗora zargi a kan rumbunan da ke amfani da kayan kamfanin Phison na Taiwan. Kamfanin ya ce ya shafe sa'o'i sama da 4,500 yana gwaji ba tare da ya ga matsalar ba. Shi ma Microsoft ya ce bai gano wata alaƙa tsakanin gyaran nasa da lalacewar rumbunan ba.

Daga bisani Phison ya bayyana cewa an ga matsalar ce a rumbunan da ke ɗauke da manhajar gwaji, wadda ba ita ce ake sayar wa jama'a ba.

Ko za a daina sabuntawa?

Masana tsaron kwamfuta na gargaɗin cewa ƙin sabunta manhaja ya fi haɗari. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle bayanai a kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, ciki har da asibitocin Birtaniya, alhali Microsoft ya fitar da maganin kafar da ta bi tun watan Maris.

Ke nan gudun gara ne a faɗa gidan zago, idan mutum ya rufe ƙofar gyara don tsoron abin da ba kasafai yake faruwa ba.

Matakan kariya

Babban rigakafi shi ne ajiye kwafi. Ƙa'idar da masana suka fi ambata ita ce a mallaki kwafi 3 na duk wani abu mai muhimmanci, a kan ma'ajiya iri 2, ɗaya daga ciki kuma a wani wuri daban, ko a intanet.

Windows na bai wa mai kwamfuta damar jinkirta gyare-gyare har tsawon makonni 5, abin da ke ba da sararin jin yadda ta kaya da waɗanda suka riga. Bayan girka babban zubi kuma, akwai kwanaki 10 na komawa kan tsohon.

A ƙasashe irin su Najeriya da Nijar, inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, akwai ƙarin haɗari, domin katsewar wuta a tsakiyar sabuntawa na iya gurɓata rumbu ko da manhajar ba ta da aibu. Don haka ake ba da shawarar a tabbatar batir ya cika kafin a fara.

Idan kuma har bayanai sun ɓace, matakin farko shi ne a daina amfani da kwamfutar. Abin da aka share yakan kasance a kan faifai har sai an rubuta wani abu a kansa, ko da yake a rumbunan SSD damar ceto shi ba ta da yawa, saboda su kan goge gurbin da kansu ba da jimawa ba.

Ga ɗalibin da kundin bincikensa na shekaru ke cikin kwamfuta ɗaya tilo, ko ɗan kasuwar da ke ajiye lissafin bashi a cikinta, kuɗin sayen rumbu na biyu bai kai ko kusa da asarar da za a tafka ba.