Ƙofar da ƙanjamau ke bi ta shiga jiki



Da muna yara, ana kiran ƙanjamau "kabari kusa". Idan aka ce wane yana ɗauke da ita, har kwanonsa ake warewa. To yau bari mu koma baya, mu ga ta ina ainihin ƙwayar nan take shiga.

A 1981 likitoci a Amurka suka fara ba da rahoton cutar. A 1983 masana a Cibiyar Pasteur ta Faransa suka gano ƙwayar. A 1986 aka sanar da ita a Najeriya. Amma tambayar da ta fi ɗaure wa masana kai ita ce: ya take kutsawa cikin ƙwayoyin garkuwar jiki?

A 1984 aka gano ƙofar farko, CD4. E, wannan CD4 ɗin da ake rubutawa a takardar gwaji a Asibitin Malam Aminu Kano. A jikin HIV akwai wani furotin, gp120, shi ke kama CD4. Sai dai ƙofa ɗaya ba ta isa ba. Sai a 1996 aka gano sakata ta biyu, CCR5 ko CXCR4. Da zarar gp120 ya riƙe duka biyun, sai ɗan'uwansa gp41 ya soki fatar ƙwayar jikin, ya naɗe kansa, ya jawo fatun biyu su narke su zama ɗaya. Shikenan, ɓarawo ya shiga ɗaki.

Daga wannan ilimi aka samu enfuvirtide a 2003, mai hana narkewar, da maraviroc a 2007, mai toshe CCR5. A 2007 ɗin dai aka yi wa Timothy Brown dashen ɓargo a Berlin, daga wani mutum da CCR5 ɗinsa ba ya aiki, kuma ya warke.

Jama'a, ku lura: ƙwayar nan sai ta kai ga waɗannan ƙwayoyi ta jini, ko saduwa, ko daga uwa zuwa jariri. Musabaha da cin tuwo kwano ɗaya ba sa kai ta ko'ina.

Tun 2024 dokar Kano ta wajabta gwaji kafin aure. Idan sakamakon wani ya nuna yana da ita, magani yake buƙata da sutura. Kar mu ware masa kwano.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.