Magana Kafin Waƙa: Waƙoƙin Kirsimeti a Rediyon Mishan na Hausa, 1954–1990

Al'adar haɗa waƙoƙin Kirsimeti da karatu a rediyo ta girmi zuwanta ƙasar Hausa. A 1928 ne BBC ta fara watsa sujadar nan ta karatu tara da waƙoƙi daga Kwalejin King's da ke Kambirij, inda ake karanta nassi, a bi shi da waƙa, a sake komawa ga nassi. A ranar Kirsimeti ta 1931 kuma gidan rediyon mishan na HCJB ya fara aiki a Kito ta ƙasar Ikwado. Masu sauraron BBC sun tashi da waɗannan waƙoƙi tun suna goye, ba su buƙatar a fassara musu komai. Da tsarin ya iso ga masu jin Hausa, sai nauyin ya koma kan maganar da mai gabatarwa ke yi kafin a saki waƙar.

Tashoshi biyu ne suka ɗauki wannan aiki, kuma babu ɗaya a cikinsu da ke cikin Nijeriya. Ta farko ita ce ELWA, wadda ƙungiyar SIM ta buɗe kusa da Monrobiya ta Laberiya a Janairun 1954. Ta biyu ita ce tashar da Tarayyar Lutheran ta Duniya ta kafa a Adis Ababa a 1963, wadda sashenta na Hausa aka sani da Muryar Bishara. A Jos ake naɗar shirye-shiryen Hausa a faifai, a aika da su can, su dawo ta gajeren zango. Ke nan muryar da aka ɗauka a Filato sai ta je Habasha kafin ta shiga akwatin rediyon maƙwabcin mai ita.

Matsalar farko ta kari ce. Ma'aunin waƙar Hausa ya ginu ne a kan nauyin gaɓa, wato bambancin gaɓa mai nauyi da maras nauyi, kamar yadda Joseph Greenberg ya nuna tun 1949, Russell Schuh kuma ya faɗaɗa daga baya. Waƙoƙin cocin Turai kuwa ƙidayar gaɓoɓi da ƙarfin furuci suke bi. Masu fassarar da suka cika Littafin Waƙoƙi sun riƙe sautin Turai yadda yake, suka zuba masa kalmomin Hausa. A irin wannan aiki gajeren wasali yakan faɗa inda sauti ya ja, dogo kuma ya faɗa inda aka gaggauta, alhali tsawon wasali a Hausa yana raba ma'ana. Wanda ke coci yana riƙe da littafi, idonsa na gyara abin da kunnensa ya rasa. Mai sauraro a ƙauye ba shi da wannan gata, ga kuma shuuwar gajeren zango. Abin da aka faɗa masa da bakin magana kafin waƙar shi ne ya rage masa.

Ta biyu ta hoto ce. Waƙar “Stille Nacht”, wadda Joseph Mohr ya rubuta, Franz Gruber ya sa mata sauti, aka fara rera ta a Oberndorf ta Ostiriya a 1818, ta yi sa'a: dare, uwa da jariri, makiyaya a fili, duk abubuwa ne da Bahaushe ya sani. Disamba ma lokacin hunturu ne, kuma makiyayi mai kwana da dabbobinsa a daji ba baƙo ba ne. Waƙoƙin da suka dogara da dusar ƙanƙara da itatuwan Turai kuwa ba su da abin kamawa a nan, sai dai a yi musu bayani ko a bar su.

A ganina batun masu sauraro ya fi waɗannan biyun nauyi. Da yawa daga Kiristocin Arewa, irin su Birom da Angas da Bachama da Tangale, Hausa harshensu na biyu ce, harshen coci da kasuwa, wanda Littafi Mai Tsarki na 1932 ya ƙarfafa. A gefe guda kuma ga Musulmi, waɗanda ba za su shiga coci ba amma rediyo na shiga zaurensu. Tashar Adis Ababa ma kashi 30 cikin ɗari kawai ta ware wa addini, sauran labarai ne da ilimi. Musulmin ya san labarin haihuwar Annabi Isa daga Suratu Maryam, kuma kalmomin Almasihu da mala'ika da Linjila nasa ne. Inda hanya ta rabu shi ne batun ɗiyantaka, wanda shi ne jigon yawancin waƙoƙin. Saboda haka zaɓin kalma ɗaya a bakin mai gabatarwa, ko ya ce Yesu ko ya ce Isa, matsayi ne a muhawarar da masu fassara suka daɗe suna yi.

Gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar Adis Ababa a Maris na 1977, yaƙin basasar Laberiya kuma ya rufe bakin ELWA a 1990. Littafin Waƙoƙi yana nan a hannun jama'a, ana sake buga shi. Maganar da ta raka waƙoƙin kuwa a faifai ta zauna, da kuma ƙwaƙwalwar dattawan Jos da Wusasa da suka saurare ta.