Daga Huhun Goro zuwa Kwamfuta: Tarihin Dillanci a Zangon Akra

Kalmar zango ta samo asali ne daga fatauci. Zango shi ne wurin da ayari ke sauka a huta, a sauke kaya, kafin a ci gaba da tafiya. A ƙarni na 19, fatake daga Kano da Katsina sukan yi watanni a hanya zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, ɗauke da tufafi da kanwa da fatu, su komo da goro. Amma falke ba ya shiga kasuwa kai tsaye. Yakan sauka gidan fatoma, wanda ke ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan ciniki na bashi ne. Ladan dillali ita ce la'ada. Jarinsa kuwa amana ce.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, hanyar goro ta karkata zuwa bakin teku. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa 'yan kasuwar garin, wasu suka gangara kudu har Akra. A can Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, sannan Nima ta tsiro a shekarun 1930 a hannun Malam Amadu Futa, Mamobi kuma ta bunƙasa a gefenta. Haja ta sauya daga zamani zuwa zamani, amma tsarin bai sauya ba: baƙo da kaya, mai gida da amana.

Wannan tsari shi ne manyan kamfanonin kwamfuta suka yi ta muhawara a kansa. A 1984 Michael Dell ya kafa kamfaninsa a jihar Texas ta Amurka bisa ra'ayin cewa a kawar da mai shiga tsakani, mai saye ya yi oda kai tsaye, riba ta tsaya ga kamfani. Dabarar ta yi nasara fiye da shekara 20. Amma a 2006 kamfanin HP, wanda ke sayarwa ta hannun dillalai da kantuna, ya sha gabansa. A 2007 sai Dell ya fara kai kaya kantunan Walmart, ya kuma buɗe shiri na musamman domin 'yan sari. Wato abin da fatoman Salaga ya sani tun da daɗewa, shi ne kamfanin ya gano: mai saye yana son wanda zai kama idan kaya ya lalace.

A yau kwamfutocin tafi-da-gidanka na ofis, irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook, suna isa Akra ta hanya biyu. Ta farko ita ce ta wakilan kamfani, masu sayar da sabo da takardar garanti, mafi yawa ga bankuna da ma'aikatu. Ta biyu ita ce ta na hannu: waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka yi 'yan shekaru da su, aka loda su a kwantena zuwa tashar jiragen ruwa ta Tema, suka bazu a rumfunan layin Tip Toe kusa da shataletalen Kwame Nkrumah. Ɗalibi daga Nima ko Mamobi galibi ta biyun yake iya bi. Waɗanda suka mutu murus kuwa sun daɗe suna ƙarewa a bolar Agbogbloshie, har gwamnati ta rushe wurin a 2021.

Saboda haka ɗalibin da ya tara kuɗinsa da guminsa ba shi da takardar da zai kai ƙara da ita. Abin da yake da shi shi ne mai rumfar da aka san gidansu a unguwa, wanda zai ji kunyar a nuna shi a masallaci. Ya kamata mai nazarin Hausa ya lura cewa fatoma da dillali da la'ada ba kalmomin littafin tarihi kaɗai ba ne; da su ake cinikin kwamfuta a Zango har gobe.